Ƙoli, Tsororuwa da Kai: Wane Irin Sama Muke Roƙo?

Akwai addu'ar da ta zama ruwan dare a majami'unmu, musamman a daren shiga sabuwar shekara da lokacin da ake sa wa ɗalibai albarka kafin jarrabawa. Mai addu'a yakan roƙi Ubangiji ya mai da mu kai, kada mu zama wutsiya, ya ɗora mu a sama, kada a same mu a ƙasa, jama'a kuwa sukan amsa da amin mai girgiza kwanon rufi. Tushen roƙon yana cikin Maimaitawar Shari'a 28:13, saboda haka ba mai cewa daga waje aka shigo da shi. Tambayar da ba mu cika tsayawa mu yi ba ita ce, wane saman muke nufi? Harshen Hausa yana da kalmomi da dama na wurin da abu ya ƙare a bisa. Akwai ƙoli da ƙololuwa, akwai tsororuwa da ƙoƙuwa, akwai ganiya, akwai kuma kai. Ƙamus yakan jera su kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya, amma wanda ya tashi cikin harshen ya san ba a saka wannan a gurbin waccan yadda aka ga dama. Kowace tana ɗauke da hotonta, kowane hoto kuma yana koya wa zuciya wani abu game da girma. Mai bin da ya roƙi sama bai san wadda yake roƙo ba, yana iya samun amsa ta zame masa masifa.

Mu fara da ƙoli, da yake ita ce ta fi yawo a rediyo da jaridu. Muna da Kotun Ƙoli a Abuja, shugabannin ƙasashe suna taron ƙoli, ikkilisiyoyi da yawa kuma suna kiran babban zaurensu na yanke shawara majalisar ƙoli. (A nan mai aikin ɗab'i yana bukatar kula, gama in ƙugiyar harafin farko ta faɗi, majalisar ƙoli takan koma majalisar koli, wato ta masu tallar allura da zare da madubi. In aka dubi irin cinikin da ake yi a bayan zauren zaɓe wani lokaci, sai mutum ya ce kuskuren bai yi nisa da gaskiya ba.) Ƙoli kalmar tsari ce. Tana nufin matakin da in magana ta kai can, ba sauran ɗaukaka ƙara. Jama'a ba ta zaunuwa sai da irin wannan mataki, domin gardamar da ba ta da inda za ta tsaya takan ƙare da sanda. Sai dai kowane ƙoli na tsaninsa ne kaɗai. Alƙalin Kotun Ƙoli yana ƙarƙashin tsarin mulkin da ya rantse zai kiyaye, in ya kwanta ciwo kuma yana ƙarƙashin umarnin ma'aikaciyar jinya. Mai Hadishi 5:8 ya lura cewa kowane babba yana da wanda ya fi shi yana dubansa, Bulus kuma ya tuna wa iyayengiji a Afisawa 6:9 cewa su da bayinsu Ubangiji ɗaya gare su a Sama. Sunan nan Maɗaukaki, Elyon a Ibrananci, a cikakkiyar ma'anarsa Allah kaɗai ya dace da shi, gama shi ne ba a kan tsani yake tsaye ba. Cutar mai zama a ƙoli ita ce ya ɗauka tun da ba mai ɗaukaka ƙara a kansa a wannan zaure, to ba mai tambayarsa ko'ina.

Tsororuwa dabam take. Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙauye ya san tsororuwar itace, can inda reshe ya sirance har ba ya ɗaukar nauyin yaro, inda 'yar iska kaɗan take kaɗa shi, inda mangwaron da ya fi nuna yake rataye yana yaudarar ido. Tsuntsu ne kaɗai yake zama a can, shi ma don yana da fiffike. Ba a shimfiɗa tabarma a tsororuwa, ba a ɗora tukunya, mutum biyu ba sa tsayawa tare. Abin da take bayarwa shi ne ka ga kowa, kowa kuma ya gan ka. Kunnen mai jin Hausa yana jin amon tsoro a cikin tsororuwa, kunnen kuwa bai yi ƙarya ba.

Wannan ce kalmar da muka saba ji a labarin gwajin Ubangijinmu, inda Iblis ya kai shi Urushalima ya tsayar da shi can saman Haikali (Matiyu 4:5-7, Luka 4:9-12). Kalmar Helenanci da Matiyu da Luka suka rubuta, pterugion, ma'anarta ɗan ƙaramin fiffike, wato gefen gini da ya miƙe waje kamar fiffiken tsuntsu. Masu fassara zuwa Latin suka ce pinnaculum, daga kalmarsu ta gashin fiffike, daga nan ne kuma Turanci ya samo tasa. Masana da yawa suna ganin kusurwar kudu maso gabas ta farfajiyar Haikali ake nufi, wadda take kallon kwarin Kidron. Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na farko, wanda ya ga ginin da idonsa, ya bayyana cewa wanda ya leƙa ƙasa daga saman shirayin da yake wannan gefe, jiri yakan ɗebe shi kafin idonsa ya kai gindin kwarin.

Abin lura shi ne, Iblis bai tura shi ba. Ya kai shi, ya tsayar da shi, ya karanta masa Zabura 91, sa'an nan ya bar sauran aikin a hannunsa. Gwajin gurasa na mai yunwa ne, gwajin mulkokin duniya na mai son sarauta ne, amma gwajin tsororuwar Haikali na mai addini ne. A wuri mai tsarki aka yi shi, da ayar Littafi, a bisa farfajiyar da masu sujada suke taruwa. Abin da aka miƙa wa Yesu shi ne ya mai da alkawarin Allah abin kallo, ya tilasta wa Uba ya tabbatar da shi ta hanyar da Uba bai zaɓa ba. Matiyu ya sa wannan gwaji a tsakiya, Luka ya ajiye shi a ƙarshe, ina kuma ganin Luka ya san abin da yake yi. Mutumin da ya fi ƙarfin cikinsa, ya fi ƙarfin kwaɗayin mulki, har yanzu ana iya kama shi da marmarin a gan shi a matsayin ɗan lelen Allah. Masu hawa bagadi kowace Lahadi, wannan gwaji ne ya kamata ya fi hana su barci.

Duk da haka saman Haikali ba wurin banza ba ne. A shekarar 1968 masu tonon kayan tarihi a ƙarƙashin Benjamin Mazar suka sami wani dutse a gindin kusurwar kudu maso yamma ta katangar Haikali, inda ya faɗo sa'ad da Romawa suka rushe ginin a shekara ta 70. An sassaƙa masa rubutun Ibrananci mai nuna cewa nan ne wurin busa ƙaho. Yosifus ya bayyana al'adar: firist yakan hau can ya busa ƙaho da yamma don sanar da shigar Asabar, ya sake busawa kashegari da yamma don sanar da fitarta. Ga mutum a wuri mai tsawo, birni duka yana jinsa, amma aikinsa shi ne ya gaya wa ɗan kasuwa da magini da baiwa cewa lokacin hutu ya yi, sa'an nan ya sauko. Tsawon bai zame masa zunubi ba, domin da saƙo ya hau, da ya isar kuma ya bar wurin. A saman wannan gini ɗaya ne Iblis ya so ya mai da wurin aiki dandalin nuna bajinta.

Masu hawan duwatsu sun san wannan a jikinsu. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi a Jihar Taraba kusa da iyakar Kamaru, mita 2,419 ne, mutum yana iya hawa ya zauna ya ci guzurinsa. Everest kuwa, wanda awon shekarar 2020 ya ba shi kusan mita 8,849, ba ya saukar baƙo. Edmund Hillary da Tenzing Norgay, waɗanda suka fara taka ƙololuwarsa ran 29 ga Mayu 1953, kimanin minti 15 suka yi suka juyo. Iskar oksijin da huhu yake samu a can kusan sulusin ta bakin teku ce, jiki kuma yana lalacewa a hankali muddin yana wurin. Wani bincike da aka buga a shekarar 2008 a mujallar likitocin Birtaniya ya nuna cewa cikin waɗanda suka rasu a sama da mita 8,000 a wannan dutse, fiye da rabi a hanyar saukowa suka rasu, bayan sun riga sun kai ƙololuwa. Da yawa sun ƙarar da ƙarfinsu wajen hawa, ba su rage na komawa gida ba.

Ganiya ita ma sama ce, amma ta lokaci. Mukan ce damina tana ganiyarta, ko wane yana ganiyar ƙarfinsa. Ba a hawanta da ƙafa, ita take zuwa ta wuce, sau da yawa ma sai ta wuce ake gane ita ce. Harsuna da dama daga sararin sama suka ɗauko wannan hoto. Kalmar Turanci zenith, da ake faɗa wa wanda tauraronsa yake haskawa, asalinta wani furucin Larabci ne mai nufin hanyar da ta bi ta saman kai. Hausa kuma ta ari zawali, lokacin da rana ta gota tsaka, daga kalmar Larabci mai nufin gushewa, tazarar da take tsakanin rana tsaka da zawali kuwa ba ta kai a gama cin tuwo ba. Tsoffin likitocin Helenawa suna kiran lokacin da cuta ta kai matuƙar tsananinta akme, kalmar da Turawa suka ara suke yabon nasara da ita yau. Sarki Uzziya ya yi shekara 52 a gadon sarautar Yahuza, ya gina hasumiyai, ya haƙa rijiyoyi, ya ƙaunaci noma, sunansa ya kai har iyakar Masar. Littafin 2 Tarihi 26 ya sa faɗuwarsa daidai lokacin da ya yi ƙarfi. Ya shiga Haikali zai ƙona turare, aikin da ba nasa ba, Azariya da firistoci 80 suka tare shi, kuturta ta fito masa a goshi, ya ƙare kwanakinsa a keɓe. Yahaya Mai Baftisma kuwa ya gane zawalinsa tun almajiransa suna ƙorafi cewa jama'a sun koma wurin Yesu, ya karɓe shi da irin farin cikin abokin ango (Yahaya 3:26-30).

Yanzu mu zo ga kalmomi biyun da na fi so mai karatu ya riƙe. Ƙoƙuwar ɗaki ita ce inda sandunan tsaiko suka haɗu a saman jinka. Wanda ya taɓa ganin ana yin jinka ya san a ƙasa ake ɗaure ta. Ana jera sandunan, a haɗa kawunansu a ɗaure tam, a bi su da tanka zagaye zagaye, sa'an nan a kira maƙwabta su ɗaga su ɗora a kan bango, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙoƙuwa ba ta da ƙafar kanta. Sandunan ne suke riƙe da ita, ita kuma take hana su rabuwa. Ita take fara shan rana, ita ruwan sama yake fara duka, in kuwa ta ruɓe, a kan masu barci a ciki ɗigon yake sauka. Shi ya sa mai gida mai hankali yakan duba ta kafin damina, waɗansu ma sukan kife mata tsohuwar tukunya. Mai wucewa ba ya tsayawa ya yaba ƙoƙuwa, mutanen ɗakin ma, muddin tana aikinta, ba sa tunawa da ita.

Kai ta fi su duka zurfi, domin kalma ɗaya ce mai ɗauke da ma'ana uku. Akwai kai na jiki, akwai kai saman abu, kamar kan dutse da kan tudu, akwai kuma kai mutum shi da kansa, kamar yadda muke cewa son kai, girman kai, musun kai, ba da kai. Ibrananci ma yana yin kusan haka da kalmarsa rosh. Ita ce kan mutum, ita ce kan dutsen Fisga inda Musa ya tsaya, ita ce kuma shugaban kabila. Maginan Babila a Farawa 11 hasumiya suka so wadda kanta zai kai sama, dalilinsu kuwa su yi wa kansu suna. Zabura 118:22 ta yi amfani da wannan kalma ɗaya ga dutsen da magina suka ƙi, wanda ya zama kan kusurwa. Kai biyu ke nan a cikin Littafi ɗaya. An gina na farko don a hango shi daga nesa, ya ƙare da warwatsa maginansa. An sa na biyu don ya haɗa bango da bango, manzanni kuma suka gane Almasihu a cikinsa.

A ƙasarmu kai yana da wani aiki da mazauna ƙasashen keken guragu da motar kaya suka manta. A kai ake ɗaukar kaya. Matar da ta fito rafi da tulu, da yarinya mai tallar gyaɗa, da ɗan dako a tasha, duk sun san cewa gaɓar da ta fi kowace tsawo ita ake naɗa wa gammo. Harshen ma ya bi wannan hanya, gama mukan ce an ɗora masa nauyi, alhakin yana kansa, ya sauke nauyin da yake kansa. Kome tsawon wuya kai ne bisa, gaskiya ne, saboda haka ne ma ba a ɗora wa wuya tulu. Har wa yau kai ba ya rayuwa shi kaɗai. Tsororuwa in ta karye, itace yana nan, amma kai in ya rabu da jiki, duka biyu gawa ne. Sa'ad da Bulus ya kira Almasihu kan ikkilisiya, bayanin da ya biyo baya na ciyarwa ne, da haɗa gaɓoɓi, da ba da rai domin jiki (Afisawa 4:15-16, 5:23-29, Kolosiyawa 2:19). Ko kalmominmu na mai mulki, shugaba da jagaba, gaba ce muke ji a cikinsu. Wanda yake gaba a hanyar gona shi yake fara taka ƙaya, raɓar safiya kuma a wandonsa take ƙarewa.

Da wannan a hannu, sai mu sake karanta Maimaitawar Shari'a 28. Ga al'umma gaba ɗayanta aka yi alkawarin, ba ga mutum ɗaya a kan ɗan'uwansa ba. An kuma rataye shi a kan biyayya ga umarnan da suka haɗa da yafe bashi a shekara ta bakwai, da barin kalar gona domin baƙo da maraya da gwauruwa, da biyan ɗan ƙodago hakkinsa kafin rana ta faɗi. Ayar da take gabansa tana maganar al'ummar da take da abin ba waɗansu rance, aya ta 44 kuma ta juya maganar duka a kan marasa biyayya. Kan da ake nufi a nan mai ɗaukar nauyin waɗansu ne. In ɗalibai 60 na aji ɗaya suka yi amin ga addu'ar zama na ɗaya, 59 za su koma gida da tambaya a kan amincin Allah, tambayar da mu muka jawo musu da irin fassararmu. Amma dukansu 60 suna iya zama mutanen da gida da gari suke dogara gare su, ba kuwa sai wani ya faɗi kafin wani ya tashi ba.

Na san abin da wani zai ce, maganarsa kuwa tana da nauyi. Da yawa cikin masu karanta wannan mujalla 'ya'ya ne da jikokin mutanen da aka daɗe ana gaya musu cewa wurinsu ƙasa ne. Kakanninmu da dama a kan duwatsu suka zauna, a Filato da Kudancin Kaduna da tsaunukan Mandara, saboda gudun mahara masu neman bayi. Makarantar mishan ce ta fara buɗe wa 'ya'yansu da yawa ƙofar zama malamai da ma'aikatan asibiti da hafsoshi. Ga irin wannan jama'a addu'ar zama kai kuka ne na neman mutunci, wanda kuma ya zo musu da wa'azin a zauna a ƙasa, ya kamata a tambaye shi wa yake yi wa aiki. Ba ina cewa a rage wa yaranmu buri ba. Yusufu ya zama na biyu a Masar, Daniyel ya zama ɗaya daga cikin manya uku a mulkin Dariyus, Bulus kuma ya yaba wa burin mai neman aikin kula da ikkilisiya (1 Timoti 3:1). Ko da Yakubu da Yahaya suka nemi kujerun dama da hagu, Yesu bai ce musu son girma haramun ne ba. Ya tambaye su ko za su iya shan ƙoƙon da zai sha, sa'an nan ya nuna wa sha biyun cewa ta wurin bauta ake bi a kai can (Markus 10:35-45). Yarinyar da take so ta fi kowa a makarantar likitanci domin garinsu ba likita, ƙoƙuwa take nema, Allah ya kai ta. Diyotarifis na wasiƙar Yahaya ta uku, wanda son zama na fari ya kai shi har korar 'yan'uwa daga ikkilisiya, tsororuwa yake nema. Daga waje hawan nasu iri ɗaya ne, shi ya sa rarrabewa take da wuya, har ga mai hawan kansa.

Gwajin da ya fi tona asirin zuciya shi ne saukowa. A ƙarni na biyar, a Siriya kusa da birnin Halab, wani mai zuhudu mai suna Simeyon ya yi shekara kusan 37 yana zaune a kan ginshiƙin dutse, yana addu'a yana wa'azi ga taron da yake zuwa daga ƙasashe masu nisa, har ya rasu a shekara ta 459. Marubutan tarihin ikkilisiya sun bar mana labarin yadda dattawan masu zuhudu suka gwada shi, da yake suna shakkar ko girman kai ne ya sa rigar ibada. Suka aika a umarce shi ya sauko, da sharaɗin cewa in ya ƙi, a jawo shi ƙasa da ƙarfi, in kuwa ya yarda, a bar shi. Da ya ji umarnin, nan take ya miƙa ƙafa zai sauko, sai manzannin suka ce ya zauna. Ba na shawartar kowa ya bi irin ibadar Simeyon, a ganina ma ginshiƙin nan ya fi kama da tsororuwa da ƙoƙuwa. Amma dattawan sun san inda ake taɓa mutum a gane shi.

Hausa tana girmama kalmar sauka fiye da yadda muke lura. Maƙwabtanmu Musulmi, in ɗalibi ya kai ƙarshen karatun Alƙur'ani, cewa suke ya sauke, bikin ma sunansa sauka. Mace mai ciki, addu'ar da ake yi mata ita ce Allah ya sauke ta lafiya. Matafiyi in ya iso inda ya nufa, ya sauka. A duk waɗannan, sauka cikar abu ce. Bishara ma a kan wannan tsari take tafiya. Filibiyawa 2 ta fara da saukowa mataki mataki, daga daidaita da Allah zuwa kamannin bawa, zuwa mutuwar gicciye, sai bayan haka ɗaukakar ta zo, Uba ne kuma ya yi ta. Yahaya ya ɗauki kalma ɗaya ta Helenanci mai nufin ɗagawa sama, ya sa ta yi aiki biyu, ɗaukaka da rataya a gicciye (Yahaya 3:14, 12:32-33). Wanda ya ƙi tsalle daga saman Haikali ya yarda a ɗaga shi a bayan birni, a wurin da ake kira Ƙoƙon Kai. Dama da hagun da 'ya'yan Zabadi suka roƙa, 'yan fashi biyu aka ba a ranar.

Nahiyarmu ta san tsadar saukowa. Har yau ana ambaton Julius Nyerere, wanda ya bar mulkin Tanzaniya da kansa a 1985, da Nelson Mandela, wanda ya sauka a 1999 bayan wa'adi ɗaya, domin irinsu ba su da yawa. A nan gida, sai da Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulki a watan Mayun 2006 kafin maganar tazarce ta mutu. Murabus ɗin Paparoma Benedict na 16 a watan Fabrairun 2013 ya girgiza duniya saboda an yi kusan shekara 600 ba a ga irinsa ba. Mu a ikkilisiya muna da saurin yi wa 'yan siyasa wa'azi a kan wannan, alhali mun san akwai gundumomin da ake taɓa tsarin mulki in wa'adin wani ya kusa cika, da shekarun haihuwar da suke raguwa a takarda in ritaya ta gabato, da zaɓen da ake ƙarasawa a gaban alƙali, abin da 1 Korantiyawa 6 ta kira abin kunya. Musa yana da shekara 120, idonsa bai dushe ba, sa'ad da aka ce ya hau dutse ya hango ƙasar da ba zai shiga ba. Littafin Ƙidaya 27 ya nuna roƙon da ya yi a lokacin, wato a ba jama'a wanda zai bi da su kada su zama kamar tumaki marasa makiyayi. Da hannunsa ya keɓe Joshuwa a gaban Ele'azara da taron duka.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Ba kowane mai maƙalewa a kujera ne Diyotarifis ba. Akwai faston da ya yi shekara 35 yana zama a gidan ikkilisiya, ana sauya masa wurin aiki daga wannan ƙauye zuwa wancan, bai gina ko ɗaki ɗaya nasa ba, 'ya'yansa na ƙarshe suna makaranta. Ranar da ya sauka za a yi masa liyafa, a ba shi agogon bango da turmin atamfa domin Mama, bayan wata uku kuma a nemi mabuɗin gida. Irin wannan mutum in ya leƙa ƙasa, kwarin Kidron yake gani, jiri kuma dole ya ɗebe shi. Mutanen da suka taru suka ɗaga jinka, su ne suke taruwa su sauke ta in lokacin sabuntawa ya yi, ba a barinta ta faɗo da kanta. Asusun fansho da ake zuba wa kuɗi a kan kari, da taimakon fili ko gini tun ma'aikaci yana ganiyarsa, da aikin shawara da koyarwa ga dattawan da suka yi ritaya, batutuwa ne da suka cancanci shiga ajandar majalisa mai zuwa tun kafin a kai ga batun sabuwar motar ofis.